Gudun Landan da Kuɗin Jinyar Ƙwaƙwalwa

Kusan kowace shekara, a watan Afrilu, akwai wata Lahadi da ake rufe manyan titunan Landan saboda gudun yada ƙanin wani. A na 2025 mutum 56,640 ne suka kai ƙarshe, adadin da ba a taɓa gani ba a irin wannan tsere kafin ranar. Masu ɗaukar hoton talabijin 'yan Kenya da 'yan Habasha suke bi, waɗanda ke cinye kilomita 42 da ɗoriya cikin awa biyu da 'yan mintuna, su karɓi lambarsu, su yi wanka, alhali wasu ko rabin hanya ba su kai ba. Taron na gaske kuwa yana can baya: malaman makaranta, direbobin bas, ma'aikatan jinya, 'yan fansho, masu ƙiba da ramammu, waɗanda za su shafe awa biyar ko shida a hanya. Akasarinsu akwai sunan wata ƙungiyar agaji a ƙirjin rigarsu. A bayan rigar wasu kuma za ka ga hoto an maƙale shi da fil: wani magidanci yana dariya a bakin teku, ko yarinya da hular ulu da ta rufe tabon tiyata, a ƙasan hoton an rubuta shekarar haihuwa da shekarar rasuwa. Cikin masu irin wannan riga akwai waɗanda suka fito ne don tara kuɗin kula da masu fama da ƙari a ƙwaƙwalwa.

Duk Bahaushen da ka ba wannan labari, tambaya ɗaya zai yi maka: "To in taimako mutum yake son yi, ya ciro kuɗin ya bayar mana. Gudun na mene ne?" Tambaya ce mai kyau, ba ta raini ba. Gudun wani ba ya rage wa majinyaci ciwon kai, kuma kuɗin takalmi da na mota da na masauki da mai gudun ya kashe, da asibiti ya kai su da sun yi amfani. Duk da haka ni ina tare da masu gudun, sai dai dalilina ba hawayen da ake zubarwa a bakin layin ƙarshe ba ne. Abin da ya ja ra'ayina shi ne tsarin da ke bayan gudun, da inda kuɗin ke faɗawa in an tara.

Tseren Landan ya fara ne a 1981, wasu tsofaffin 'yan tsere biyu, Chris Brasher da John Disley, suka kafa shi. Yau masu son shiga sun ninka guraben da ake da su sau da yawa. Na 2025 kaɗai mutum fiye da dubu ɗari takwas suka nemi shiga ta hanyar ƙuri'a, kuma kaɗan ne ƙwarai ƙuri'ar ke faɗa wa. Wanda bai samu ba yana da wata ƙofa. Ƙungiyoyin agaji suna sayen gurabe daga masu shirya tseren, sai su ba duk wanda ya yi alƙawarin tara musu wani adadi, galibi fam dubu biyu ko fiye. Mutum zai buɗe shafi a intanet, ya sa hoton mamacinsa ko majinyacinsa, ya rubuta abin da ya sa zai yi gudun, ya aika wa dangi da abokan aiki da tsofaffin 'yan ajinsu. Kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, kowa kuma yana ganin jimillar tana hawa. Kuɗin ba ya bi ta aljihun mai gudun, kai tsaye yake shiga asusun ƙungiyar. Idan mai bayarwa yana biyan haraji a Birtaniya, hukumar haraji tana ɗora kashi ɗaya bisa huɗu a kan abin da ya bayar. Ta haka aka tara fam miliyan 87 da 'yan kai a tseren 2025, kuma jimillar abin da aka tara tun 1981 ta daɗe da haye fam biliyan ɗaya.

Shi kuwa mai gudun, abin da ya sa hannu a kai ba wasa ba ne. Yawanci wata huɗu ake yi ana atisaye, kuma da yake tseren a Afrilu yake, atisayen yana faɗawa ne a tsakiyar hunturun Ingila, lokacin da gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe takwas, kafin biyar na yamma kuma duhu ya rufa. Mutum zai fita da asuba cikin yayyafi mai sanyin ƙanƙara, ya dawo ya shirya yara makaranta, ya tafi aiki. Farce yana baƙi ya fita, cinya tana saɓulewa, gwiwa tana ƙara. A ranar tseren ana tashi ne daga wajen Greenwich, a haye gadar Tower gab da rabin hanya, a kewaya cikin dogayen benayen Canary Wharf, sannan a juyo a bi gaɓar kogin Thames zuwa gaban fadar Buckingham. Tsakanin kilomita 30 da 35 ne jiki kan ƙarar da sukarin da ya ajiye a tsoka da hanta. Nan ne za ka ga ƙato ya tsaya ya dafa ƙarfen gefen titi, ƙafarsa ta riƙe, 'yan kallo suna karanto sunansa a jikin riga suna kira. Saura kilomita goma ko kusa, kuma babu mai yi masa su.

Wannan wahalar ita ce ke buɗe aljihun mutane. Roƙo yana da nauyi a ko'ina, a Landan ko a Zariya, kuma mutum mai mutunci ba ya iya zagaya ofis yana cewa a taimaka wa ciwon da ya kashe matarsa. Amma yana iya cewa, "Zan yi gudun Landan saboda ita, ku mara min baya." Ya zama kamar mai gayya da ya riga kowa shiga gona da fartanyarsa: wanda ya zo ya tarar da shi a sunkuye, kunya ma ba za ta bar shi ya tsaya yana kallo ba. Sannan gudun yana da rana tsayayya, don haka babu "sai wani jiƙon". Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Wanda ya yi shekara guda yana jinya, yana kallon mutum yana narkewa a gabansa ba shi da abin yi, yana bukatar wani aiki da zai zuba ƙarfinsa a ciki bayan an watse daga zaman makoki. Na fi son ya zuba shi a titi da ya zuba shi a kwalba ko a kan 'ya'yansa.

Me ya sa ciwon ƙwaƙwalwa ya fi bukatar irin wannan hoɓɓasa? Ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Duk abin da ya tsiro a cikinsa, ko da ba kansa ba ne, sai ya danne abin da ke kusa da shi, ya taɓa gani ko magana ko tafiya. Ire-iren ƙarin ƙwaƙwalwa sun haura 120. Akwai irin su meninjiyoma da ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, mafi yawansu ba kansa ba ne, kuma idan an gano da wuri likita yana iya cirewa mutum ya koma harkarsa. Akwai kuma giliyobilastoma, wanda shi ne mafi muni cikin waɗanda ke kama manya. Shi ba ya tsayawa wuri guda a dunƙule, ratsawa yake yi cikin lafiyayyen nama. Likitan da ke cire kansar hanji ko ta nono yana iya haɗawa da ɗan lafiyayyen nama na kewaye don ya tabbatar bai bar komai ba. Likitan ƙwaƙwalwa ba shi da wannan sararin, domin ɗan abin da zai ƙara yankewa yana iya zama harshen mutum ko hannunsa na dama. Ga kuma wani shinge da Allah ya yi tsakanin jini da ƙwaƙwalwa don kare ta daga guba, wanda shi ne kuma ke hana magungunan kansa da yawa isa wurin.

A 2005 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da likita Roger Stupp ya jagoranta. An raba masu giliyobilastoma gida biyu. Waɗanda aka yi wa gashi da na'ura kaɗai, rabinsu sun rasu cikin kimanin wata 12. Waɗanda aka haɗa musu da wani magani mai suna temozolomayid, sai da aka kai wata 14 da rabi kafin rabinsu su rasu. Ƙarin wata biyu da rabi ke nan, kuma shekara ashirin bayan haka wannan tsarin ne dai ginshiƙin jinyar a asibitocin duniya. A wannan tsakanin an samu gagarumin ci gaba a kan kansar nono da ta fata da wasu na jini. Giliyobilastoma bai san mai kuɗi ko mai mulki ba: shi ya kashe Sanata Edward Kennedy a 2009, ya kashe Sanata John McCain a 2018, kuma kansar ƙwaƙwalwa ce ta ɗauke Beau, ɗan Joe Biden, a 2015, dukansu a Amurka, da duk asibitin da kuɗi zai iya kai mutum. A Birtaniya ana gano ƙarin ƙwaƙwalwa a jikin mutum fiye da dubu goma sha biyu duk shekara, kuma ƙungiyoyin da ke wannan fafutuka sun daɗe suna nanata abu biyu: cewa babu kansar da ta kai shi kashe yara da 'yan ƙasa da shekara arba'in a ƙasar, kuma cewa abin da ya samu daga kuɗin binciken kansa na ƙasa tsawon shekaru bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Wani zai ce ai Birtaniya jinya kyauta ce, to kuɗin na mene ne kuma? Tiyata da gashi da magani kam hukumar lafiyarsu ce ke ɗauka. Amma ciwon ba a asibiti kaɗai yake cin gida ba. Yawanci da zarar an tabbatar da shi, doka ta wajabta wa mutum ya daina tuƙi, in kuwa direba ne sana'arsa ta tsaya ke nan. Farfaɗiya tana iya kama shi a kan matakala ko a banɗaki. Halinsa yana iya canzawa, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai kunya ya riƙa sakin magana a gaban baƙi, matarsa ta wayi gari tana jinyar mutumin da kamanninsa kawai ta sani. Ita ma sai ta rage aiki ko ta ajiye. A nan kuɗin masu gudu ke shiga: layin waya da ma'aikaciyar jinya za ta ɗauka ta yi wa iyali bayanin abin da likita ya faɗa a gurguje, mai ba da shawara kan yadda za a cike takardun neman tallafin gwamnati, zaman tattaunawa ga yaran da ubansu ya daina gane su. Gidajen da ake kai marasa lafiya su ƙarasa kwanakinsu cikin sauƙin raɗaɗi ma, kusan kashi ɗaya bisa uku kawai na kuɗin tafiyar da su ke fitowa daga gwamnati, sauran daga sadakar jama'a ne.

Misalin da ya fi burge ni ƙarami ne. Babbar ƙungiyar da ke wannan aiki a can, The Brain Tumour Charity, ta samu ne a 2013 daga haɗewar wasu ƙungiyoyi uku, ɗaya daga cikinsu iyayen wata yarinya, Samantha Dickson, suka kafa ta a 1996 bayan ciwon ya kashe 'yarsu. A 2011 wannan gidauniya ta haɗa kai da likitocin yara suka fito da wani gangami mai suna HeadSmart. Ba na'ura suka saya ba. Wani ɗan kati suka buga, wanda zai shiga aljihu, ɗauke da alamomin ciwon a jikin jarirai da yara da matasa, suka baza shi a makarantu da ɗakunan shan magani da shagunan masu gwada ido. Kafin gangamin, rabin yaran da ke da ciwon sukan wuce mako 9 daga fara alamu kafin a gano. Bayan shekara biyu lissafin ya sauko ƙasa da mako 7. Mako biyu ba ya cika kunne, amma a kan yaron da ruwa ke taruwa a kansa yana danne jijiyar ido, mako biyu na iya zama bambancin gani da makanta. Babu wani iyali guda da zai iya yin wannan da kuɗin da aka tara wa ɗansa. Sai an tara na mutane da yawa wuri ɗaya, a hannun waɗanda za su ci gaba da aiki bayan an binne wanda aka fara dominsa.

Kada a ɗauka komai na tsarin zuma ne. Gurbin da ƙungiya ke ba mai gudu sayensa ta yi da ɗaruruwan fam, don haka manyan ƙungiyoyi masu jari su ne ke kwashe mafi yawa, ƙananan su yi ta jira. Ma'aikacin banki da abokansa ke da kuɗi yana cika alƙawarinsa cikin mako guda, mai share asibiti kuwa sai ta yi ta soya kek tana sayarwa har ranar tsere. Ciwon da ke da labari mai sa kuka ya fi wanda ba shi da shi samun kuɗi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda irin wannan karamci ke sa gwamnati miƙe ƙafa. Tessa Jowell, ministar da ta yi ruwa ta yi tsaki har Landan ta samu ɗaukar nauyin gasar Olamfik ta 2012, ta kamu da giliyobilastoma a 2017. A watan Janairun 2018 ta miƙe a majalisar dattawan ƙasar, da hula a kanta, muryarta na rawa, ta yi jawabi a kan halin da masu ciwon ke ciki, 'yan majalisar suka tashi tsaye suna tafa mata, abin da ba al'adar zauren ba ne. Ta rasu a watan Mayun shekarar. Gwamnati ta yi alƙawarin fam miliyan 40 cikin shekara biyar don bincike. A 2023 wani kwamitin 'yan majalisa ya bi diddigi, ya tarar abin da ya isa hannun masu bincike bai wuce kimanin miliyan 15 ba. Hujjar da aka bayar ita ce ba a samu isassun buƙatun bincike masu inganci ba. To ta ina za a samu, alhali fagen da ba a zuba wa kuɗi matasan masana ba sa shigarsa? Ƙungiyoyin agaji irin su Brain Tumour Research su ne ke riƙe da cibiyoyin bincike a jami'o'i kamar Plymouth da Queen Mary da Imperial, inda ake renon waɗanda za su rubuta buƙatun. Wato masu gudu ne ke share fagen da baitulmali zai zo ya taka daga baya, in ya ga dama. A ganina, mai gudun da ya tara fam dubu uku sannan bai taɓa rubuta wa ɗan majalisarsa takarda ba, rabin aikin ya yi.

Mu nan gida ciwon yana nan, sunansa ne ba a cika ji ba, domin da yawa ana binne su ba a san abin da ya kashe su ba. Yadda abin ke tafiya sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin koyarwa. Ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya fi tsanani da asuba, wani lokaci da amai. A je kemis a karɓo farasitamol. A yi allurar maleriya, a sha maganin taifot, a sake sha. Gani ya fara dishi-dishi, a yanko tabarau. Ran da mutum ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa, ko ya fara magana ba kai, sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu, a shiga wani zagayen na watanni. Ba ina raina addu'a ba ne, addu'a ba ta taɓa hana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba, mutane ne ke jinkirta shi. Kafin a kai ga hoton, sau da yawa ido ya riga ya tafi, kuma jijiyar gani in ta mutu tiyata ba ta dawo da ita.

Likitocin muna da su, kuma gwanaye ne. Tun farkon shekarun 1960 Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, yau kuma ana wannan aiki a Sakkwato da Kano da Zariya da Abuja. Sai dai yawansu bai taka kara ya karya ba: likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗaya yana fuskantar mutum fiye da miliyan guda, na'urorin gashi kuma 'yan ƙalilan ne a faɗin ƙasa, layi a kansu ya yi tsawo. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta buɗe ya fara ne da kansar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. A Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma mai masaukin baƙin ba ta taɓa ko kusantar adadin ba.

Shi ya sa muka ƙirƙiro namu tsarin, kowa ya san shi. Bidiyo ne na minti biyu a Facebook ko WhatsApp. An kwantar da yaro a tabarma ko a gadon asibiti, an haska fuskarsa da kumburin kansa, uwarsa na gefe ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana magana ƙasa-ƙasa: an sayar da gona, an sayar da keken ɗinki, likita ya ce miliyan kaza. Mai ɗaukar hoton ya juya takardar asibiti ga kyamara, ya ce, "Bayin Allah, a taimaka, ko naira ɗari ce kada a raina." Lambar asusu ta fito a ƙasa. Kuma mutane suna bayarwa, wallahi suna bayarwa, har masu sayar da ruwan leda. Rayuka da yawa sun tsira ta wannan hanya, masu yin ta da gaskiya kuma Allah ya saka musu. Amma dubi abin da muke biya. Sai uwa ta tona asirin gidanta a gaban duniya kafin a duba ɗanta. Wanda bidiyonsa ya fi ban tausayi, ko wanda ya san mai mabiya da yawa, shi ke samu. Idan majinyacin ya rasu kafin a yi aikin, ba kasafai ake jin inda ragowar kuɗin ya tafi ba, kuma duk macucin da aka kama da takardar asibiti ta bogi yana rufe wa masu gaskiya goma ƙofa. Sannan ko an yi nasara, kuɗin ya ƙare a kan mutum ɗaya. Yaron da zai zo wata mai zuwa daga sifili zai fara.

Ba juriya muka rasa ba. A 2015 wani matashi ya taka daga Legas har Abuja a ƙafa don murnar cin zaɓen shugaban ƙasa, kafin ka ce kwabo tattaki ya zama yayi, wannan ya taso daga nan, wancan daga can, kowa da gwaninsa. Har yau in zaɓe ya ƙare sai ka ji wani ya ɗauki jaka da tuta ya kama hanya, ko ya hau keke, don a kai shi gaban gwamna a ɗauki hoto. Legas kuma tana da nata babban tseren tun 2016. Ƙafafun suna nan, 'yan kallon suna nan, gidajen rediyo a shirye suke su bi mutum gari-gari. Abin da ya ɓace shi ne asusun da zai karɓi kuɗin, wanda mutane za su yarda da shi. A Birtaniya ƙungiyar agaji mai rajista tana miƙa lissafinta ga hukuma duk shekara, kuma na duk wata mai ɗan girma kowa na iya buɗewa a intanet ya ga nawa ya shigo, nawa aka biya albashi, nawa ya isa ga marasa lafiya. Wannan ne ya sa baƙo ke tura fam ashirin ga mutumin da bai taɓa gani ba.

In da za mu ɗauki wani abu daga Landan, wannan lissafin zan fara ɗauka, tsawon hanyar kuwa a bar musu. Babu mai hankalin da zai tara magidanta marasa atisaye ya ce su yi kilomita 42 a zafin Kano ko Maraɗi. Kilomita goma bayan sallar asuba a watan Disamba ta isa, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya taka, mata su yi nasu rukunin. Tsarin riƙe dukiyar ma ba sai mun aro ba, waƙafi ya daɗe a wurinmu, kuma jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi. A samu amintattu da suka haɗa da likita da malami da akanta da wani wanda ya taɓa jinyar ciwon a gidansa, a karanta lissafin a rediyon da aka yi shelar gudun, da Hausa, naira bayan naira. Kuma kada a ce za a gina asibiti. A shekarar farko a tsaya a kan abin da kuɗin zai iya: biyan hoton ƙwaƙwalwa ga duk yaron da likita ya tura, kuɗin mota da ɗakin kwana ga mai jinyar da ta taso daga ƙauye, da kati mai ɗauke da alamomin ciwon, da boko da ajami. Katin nan kuwa kada a tara shi a ofishin kwamishina. A kai shi kemis-kemis da shagunan tabarau da wurin masu ruƙiyya, tunda nan ne majinyacin ke fara zuwa, watanni kafin likita ya gan shi.